Daga bakin akwati: Wuƙa shida cikin kwali, guda nawa ke yanka?

 

Kun san halin wannan lokaci: da an gama girbi sai buki ya taso ta ko'ina, wannan ta aurar da ƴa, waccan ta yi suna, kowa na neman abin da za ta kai don a fita kunya. Masu talla ma sun san haka. Mun ji labari yaron nan mai kwalayen wuƙaƙe ya sake fitowa daga Damagaram bisa babur, yana bin ƙungiyoyi ranar zubi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba ku labarin yadda muka yi da shi a nan Gaffati, tun kafin ya iso gare ku.

Gab da babbar sallah ya same mu muna zaune, akwati a buɗe. Ya ajiye kwali guda bisa tabarma, wallahi sai da kowa ta miƙa wuya. Murfi na leda mai ƙyalli, a ciki wuƙaƙe a jere kamar ƴan lakkol: babba mai faɗi, doguwa mai haƙora, matsakaiciya, ƴar ƙarama, ga abin fere dankali, ga almakashi. Ya ce kwali ɗaya jika 3 ne, amma in muka ɗauki katan duka, kwali 12, zai bar mana a jika 2 da rabi. Nan take wata ta kawo shawara a ciro kuɗin daga akwati, duk wadda ta tashi aurar da ƴa a ba ta kwali ɗaya da sunan ƙungiya. Hannuwa suka fara tashi.

Ma'ajiyarmu ce ta tsayar da mu, dattijuwa ce mai maganar a hankali. Ta ce, "Ƴaƴana, ku bari mu ƙirga tukuna." Kwali 12 a jika 2 da rabi, jika 30 ke nan. Mu 30 ne, kowa na zuba dala 50 a sati, wato jika 7 da rabi ke shiga akwati kowace ranar zubi. Ashe katan ɗin nan zubinmu ne na sati 4 cur. In kuwa aka ba da jika 30 ɗin rance bisa dokarmu ta ɗaya cikin goma, jika 3 zai riƙa kawo mana duk wata, alhali kwalayen suna jibge a ɗaki suna jiran ranar da wata za ta yi buki. Ta ƙara da cewa tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ba a taɓa cewa a sayi abu don ya yi kyau a ido ba, cewa aka yi kuɗi ya juya. Sai muka sayi kwali ɗaya tak, muka ce ya zagaya gidaje, kowa ta yi aiki da shi sati guda ta kawo mana bayani.

Bari mu fara da gaskiyar da ke gefensa, don kada a ce mun zo ɓata wa mutum sana'a. Ƴar ƙaramar wuƙar ta yi aiki. Albasa, tumatir, kuɓewa, shu, mangwaro, duk tana yi, ba ta tsatsa ko an manta ta cikin ruwan wanke-wanke, ba ta kuma baƙanta albasa kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi. Almakashin ma ba laifi. Har yau su biyun suna hannun mai dafa mana abincin taro.

Sauran huɗun fa? Doguwar mai haƙora ta yankan burodi ce, mu kuwa da hannu muke gutsura burodinmu, kuma ranar da ta dakushe babu dutsen da zai wasa haƙoran nan. Abin fere dankali ya karye a gida na uku. Matsakaiciyar ta haɗu da kabewa, ta lanƙwashe kamar cokali. Babbar ita ce ta ba mu tsoro. Ranar layya, a gidan ɗaya daga cikinmu, yarinya na sarar haƙarƙari sai ruwan wuƙar ya fice daga mariƙi, ya zame ya tsaga mata tafin hannu. Sai da aka ɗauki kabu-kabu aka kai ta likita aka yi ɗinki. Abin da aka kashe a ranar ya fi kuɗin kwalin. Da muka duba mariƙin, ƙarfen da ya shiga cikinsa bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ƙusoshi ukun da ake gani a jiki kuwa ado ne kawai, ba su huda komai ba.

Ba wai don kayan Sin ba ne, kada a ɗauke mu haka. A kudancin ƙasar akwai gari guda, Yangjiang, da ya yi suna a duniya wajen ƙera wuƙaƙe da almakashi, suna yin na ƙwarai suna yin na araha, kowa da abin da ya yi oda. Wanda zai tura kaya kasuwar da yake son sayar da wuƙa shida a kuɗin ɗaya, dole ya rage wani abu. Inji ne ke datso su daga falle siriri. Ƙarfen da muke kira inokis ana gauraya shi da wani sinadari mai hana tsatsa, amma mai arahar cikinsa ba shi da isasshen tauri, shi ya sa yake zuwa da kaifi ranar farko, bayan sati biyu sai ki ga yana murje tumatir maimakon ya yanka. Ki wasa da safe, kafin azahar ya koma. Waɗanda aka shafa wa baƙin fenti ko fure-fure kuwa, fentin ɓarewa yake yi, kuma cikin miya yake ƙarewa.

Maƙerinmu fa, da guntun sifirin tsohuwar mota yake aiki, ƙarfe mai tauri da ke riƙe kaifi. Aibinsa ɗaya: in kin bar shi da danshi zai yi tsatsa. Ki goge, ki ɗan shafa mai, shi ke nan. In mariƙi ya tsage ki mai da masa ya sa wani, in baki ya mutu ya wasa. Ku dubi mahauta a kasuwar Dole ranar Alhamis, ko masu fiɗa ranar layya, ku ga da wace irin wuƙa suke aiki. (Wani lokaci abin har mamaki yake ba mu. A zamanin Sarki Tanimun maƙeran Damagaram har igwa suka ƙera, yau jikokinsu na zaune bakin zugazugi muna wuce su, muna zuwa sayen wuƙar da kabewa ke kayarwa.)

To amma ba a nan maganar ta tsaya ba, don abin da ya fi wuya ba ƙarfe ba ne. Wata ƴar'uwarmu da za ta kai ƴarta cikin gari ta miƙe ta ce, "Inna, duk na ji. Amma ranar da za a baje kaya gaban dangin miji, kwali ake gani. Wa zai ɗaga wuƙar maƙeri guda ya yi guɗa?" Ba wanda ya yi dariya, don kowa ta san gaskiya ta faɗa. Gudummawa ba amfani kaɗai ba ce, akwai fita kunya a ciki, akwai kuma ramuwa, don abin da kika kai yau da shi za a auna abin da za a kawo miki gobe. Wadda ba ta taɓa tsayawa gaban dangin miji da ɗan abin hannunta ba, ba za ta gane nauyin wannan ba.

Amsar da muka ba ta ita ce, guɗar ta yini ɗaya ce, amarya kuwa da wuƙar za ta zauna. Ranar da ta lanƙwashe a hannunta gaban uwar miji, za a tambaya wa ya kawo, sai a ce ƙungiyar uwarta. Iyayenmu da suka ce araha ba ta ado sun san abin da suke nufi. Kuma ba lalle sai kwalin leda ne ke cika ido ba. Dukawan Damagaram sun iya kube mai ado, ja da kore. Wuƙar maƙeri cikin kubenta, da ƴar ƙaramar inokis guda da ake sayarwa ɗai-ɗai a kowane shago, a ɗora su bisa sabon faifai da ludayi da muciya, ba mu ga wadda za ta ji kunyar miƙa wannan ba. Ta yi shiru, ba ta ce ta yarda ba. Muna jin har yanzu kwalin na ranta, kuma in da kuɗin aljihunta za ta saya, ba mai hana ta.

Wadda duk ta ƙudura sai ta saya, to kada ta yarda da kwali a rufe. Ki ce a buɗe, ki ɗauki babbar, ki danna bakinta a gefe bisa katako ki ga ko za ta tanƙwara. Ki girgiza mariƙi ki ji ko yana motsi. Ki duba ta baya ko ana ganin ƙarfen ya ratsa mariƙin har ƙarshe. In mai kaya ya ce ba a buɗewa, ki bar masa abinsa.

Abu ɗaya ne muka daddale a kai ba tare da gardama ba: kuɗin taimako, wanda muke tarawa don rashin lafiya da haihuwa da rasuwa, ba za a taɓa shi don kayan buki ba. Daga cikinsa aka biya ɗinkin yarinyar nan, da mun juye shi a katan da ba mu san inda za mu nufa ba ranar sallah, ana hutu, kowa ya kashe abin hannunsa a rago.

Mun aiki mata biyu wajen maƙeri da baduku su tambayo nawa za su bar mana in muka yi odar guda goma a tare, za mu kawo muku farashin a fitowa ta gaba. Ragowar kwalin namu yana wajen shugaba. Ƙungiyar da ke son ganin mariƙin da ya fice da idonta kafin ta yanke shawara, ta aiko a ba ta aro, a dai maido mana kafin ranar zubi.