Tafki Da Rairayi: Ina Ma'aikaci Zai Kai Iyalinsa Hutu A Jihar Sakkwato?

Duk sa'ad da makarantu suka tashi dogon hutu, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Kebbe ko Tambuwal, wanda ya ɗan tanadi abin da zai fitar da iyalinsa shan iska, yakan tarar ba shi da wurin zuwa sai gidan dangi. Ba wai jihar ta rasa ruwa ba ne. Kogin Zamfara ya ratsa ƙasar Kebbe, ga Tafkin Kware kusa da birnin Sakkwato, ga na Kalmalo a ƙasar Illela daf da iyakar Nijar, ga kuma madatsar ruwa ta Goronyo wadda aka gama ginawa a 1984.

A wasu ƙasashe, inda tafki ya haɗu da tudun rairayi dukiya ce babba. A 1966 majalisar Amurka ta keɓe gaɓar Tafkin Mishigan da ke Jihar Indiyana, a 1970 kuma ta keɓe wata gaɓar a Jihar Mishigan, aka hana haƙar yashi a ciki, aka sa ma'aikata masu tsaro. Yau miliyoyin mutane ke kai 'ya'yansu can su yi wanka, su hau tudu.

A nan kuwa rairayi abokin gaba ne. Tun farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, itatuwa suka yi ƙaranci a arewacin jihar, gatarin masu itacen girki ya ƙarasa da yawa daga cikin waɗanda suka tsira. Ƙasar da ba saiwar da ke riƙe ta, iska ce ke kwashe ta, watau yashin da baƙo zai so ya kalla shi ne ke binne gonaki a ƙasar Gada da Illela, shi ne kuma ke cike tafkuna. Kalmalo ya janye ƙwarai daga yadda dattawa suka san shi. Shirin Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya sami hukumarsa a Nijeriya a 2015, Sakkwato kuma tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Sai dai dasa itace ba shi ne wuya ba, raino ne: dashen da ba a kewaye ba, ba a kuma ba shi ruwa da rani ba, awaki ke cinye shi kafin damina ta zagayo.

Babban cikas ma shi ne hanya. A watan Satumba na shekarar 2021 ba wanda zai yi tunanin yawon buɗe ido, domin a cikin watan ne Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, a Oktoba kuma aka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. Magidancin da ya ji wannan ba zai ɗora yara a mota ya nufi bakin madatsar ba, ko da an gina masa masauki kyauta.

Saboda haka jami'an da ke tsara kasafin yawon buɗe ido ya kamata su duba abin da za su sa gaba. Ginin rumfuna da allon maraba ba zai jawo kowa ba matuƙar tafkin na cikewa, hanyar kuma babu aminci. Ko bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya soma tun 1934 kuma yake cikin tsohuwar Jihar Sakkwato har zuwa 1991, sai da ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai 2020.