A Bar Yaran Gassi Su Yi Zari-Rugarsu

Makon jiya wasu dattawa a unguwar Gassi da ke Chadi suka tashi yaran da ke wasan zari-ruga a wani fegin da ba a gina ba, wai daba ake koya musu. Ɗaya har da sanda ya fito. Matashin da ke horar da su, wanda babu mai biyansa ko sefa ɗaya, ya tsince robobin ruwan da yake jerawa a madadin layi, ya rungumi ƙwallonsa, ya ce, "Ku yi haƙuri, Baba," ya wuce. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Iyayena, kun taɓa tsayawa kun kalli wasan nan kuwa? Mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, ana gudu da ita a hannu, amma ba a jefa wa ɗan'uwa ita gaba, sai baya ko gefe. Wato duk gudun yaro, dole abokansa su biyo shi, shi kuma dole ya waiwaye su. Wanda ya dire ta bayan layin abokan karawa ya ci maki 5, in aka buga ta ta ratsa tsakanin sandunan gola biyu a ƙara 2, bugun laifi kuma maki 3 ne. Ana kayar da mai ƙwallo, gaskiya ne, amma a ƙasa da kafaɗa. Wanda ya kai wa wuya hannu yana iya shan katin gargaɗi ya zauna waje minti 10. Alƙali kuwa kyaftin ne ke masa magana, cikin ladabi. Wanda ya yi masa gardama, a matsa da ƙungiyarsa baya mita 10 nan take. A ina ɗan daba ya san wannan?

Mun taso muna jin cewa Manzon Allah (SAW) ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, kuma ya nuna mana cewa jarumi na gaskiya shi ne mai danne zuciyarsa lokacin fushi. Yaron da aka tumurmusa a turɓaya, ya tashi ya kakkaɓe riga bai kai naushi ba, darasin nan yake ɗauka da jikinsa. Mu da muke cika fili don dambe, muke kwana kan rediyo lokacin kokawar takobi ta Nijar, da wane baki za mu kira wannan ta'asa?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda yaran za su koma. Gidan kallon ƙwallo! Rumfar kwano, zafi kamar tanda, injin wuta na hayaƙi a bakin ƙofa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya karɓi kuɗin cefane ya biya kuɗin shiga, ya zauna tun la'asar, magariba ta wuce shi, isha ta wuce shi. Yana zagin uwar wani saboda Barcelona, alhali ko sunan kakansa bai sani ba. Sannan ga cacar waya. Yayyensa na dannawa suna canke wanda zai ci, shi yana leƙe ta kafaɗarsu yana koyo. Yau ɗari biyar, gobe wayar gida ta ɓace. Allah ya haɗa caca da giya a aya guda ya haramta, kowa ya san haka. To ina dattijon da ya taɓa ɗaukar sanda ya nufi rumfar nan? Ban ga ko ɗaya ba. Wasu ma su ke ba da hayar filin da aka kafa ta.

Ga kuma maganar fili. Gassi ce ke ɗauke da ginin Majalisar Dokokin Chadi, ga katafaren filin wasa can Mandjafa, amma yaran unguwa a fegin wani suke raɓewa, ranar da mai shi ya sauke bulo shi ke nan. Kowane sarari an yanka an sayar, ko hanyar ruwa ba a bari ba, damina ta zo mu yi ta kuka.

Ku dubi inda wasan nan ke kai yaro: Siya Kolisi a unguwar talakawa ta Zwide ya tashi cikin yunwa, ya ɗaga wa Afirka ta Kudu kofin duniya na zari-ruga a 2019, ya maimaita a 2023. A Kano ƙungiyar Barewa ta daɗe tana tara yaran Hausawa kan wasan nan. Chadi ma tana da hukumar zari-ruga tata.

In tsoron karaya ne, wannan magana ce, ƙasar rani tana da tauri. Sai a ce wa mai horarwa ƙanana su tsaya a wasan taɓawa, ban da kayarwa, manya su nemi wuri mai yashi. Mai unguwa ya aika a kira matashin nan, a zauna da shi gaban iyayen yaran, sannan a rubuta wa magajin garin gundumarmu ta 7 a nemi fegi guda da za a keɓe wa yara.