Muna Duba Kaya, Mun Manta Da Jiki



Bara Baba ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa ta albasa a kasuwar Mile 12, yana da shekara 54. A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa ba a sani ba. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Yanzu ni ke zaman rumfa, shi kuwa sai an kwantar an tayar. Masu zuwa dubiya kowa sai ya ce ƙaddara ce. Na yarda, amma jama'a mu gaya wa kanmu gaskiya.

Ku dubi yadda muke rayuwa a nan Legas. Da asuba shayi, sukari cokali huɗu. Daga nan zama a benci har magariba, ko masallaci ya ɗan yi nisa sai mu tare okada. Da rana abinci cike da gishiri da magi, a kora da lemon kwalba mai sukarin da ya kusa cokalin shayi 9. Da dare a kwana jiran motar kaya, ana goro ana sigari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, kusan cokalin shayi ɗaya kenan, har da wanda ke cikin magi. Ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Bincike ya nuna mai shan sigari yakan yi asarar kusan shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya daina kafin ya kai 40 ya tsira daga mafi yawan wannan haɗarin.

Baba bai taɓa sayen buhu bai zazzage ya duba ruɓaɓɓiya ba, amma bai taɓa auna jininsa ba sai ranar da ya faɗi. Wanda ya san arziki na Allah ne kuma yake kulle rumfa, ai bai kamata ya bar jikinsa a buɗe ba.

Don Allah ku je kemis a auna ku, ku ja iyayenku su ma. In awo ya kai 140 bisa 90, a ga likita. Ni dai na rage sukari, kuma da ƙafa nake komawa gida.

Allah Ya ba Baba lafiya, da sauran marasa lafiya baki ɗaya. Sai mun sake haɗuwa.