Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokoki Ta Ƙasa Kan Hayaƙin Taba A Wuraren Jama'a

Ya ku masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai,

A shekarar 2005 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita shan taba, sannan a 2015 majalisarku ta zartar da dokar da tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, aka kuma fitar da ƙa'idojin aiki da ita a 2019. Dokar ta yi abin a yaba: ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba, ta hana sayar da ita kara-kara, ta taƙaita talla. Sai dai ta bar wata ƙofa a buɗe, domin ta amince a keɓe wa masu shan taba wuri a cikin gine-ginen da jama'a ke shiga. Roƙona gare ku shi ne ku toshe wannan ƙofa, duk wani rufaffen wuri na aiki ko na taruwar jama'a ya zama ba a kunna taba a cikinsa ko kaɗan.

Hujjar likitoci a kan wannan ta daɗe da tabbata. Tun a 1981 wani masani ɗan ƙasar Japan, Takeshi Hirayama, ya nuna cewa matan da ba su taɓa sa sigari a baki ba, amma mazajensu na sha, sun fi sauran mata kamuwa da cutar dajin huhu. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki suna haddasa cutar daji, kuma wanda ke tashi daga bakin karan da ke ci ba ya bi ta matatar da mai sha ke zuƙa ta ciki. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya ce zama cikin hayaƙin wani, a gida ko a wurin aiki, yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Yara kuwa, da huhunsu bai ƙosa ba kuma suke numfashi da sauri fiye da manya, su ne ke kwasar limoniya da asma da ciwon kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya da ba sa shan taba ne hayaƙin wasu ke kashewa duk shekara.

To me keɓantaccen wuri zai tsare? Ƙa'idojin da ƙasashen yarjejeniyar suka amince da su a 2007 sun faɗa ƙarara cewa babu wani ɗan mizanin hayaƙi da za a ce ba ya cutarwa, kuma fanka ko na'urar tace iska ba sa kawar da haɗarin. Ware kusurwa ɗaya ta ɗaki don masu busa sigari daidai yake da zuba guba a gefe ɗaya na randa a ce ɗaya gefen na sha ne. A leƙa gidan kallon ƙwallo a daren babban wasa: rufin kwano, ƙofa a rufe don kada a kalla kyauta, tagogi an toshe su da buhu, benci cike da samari har da yara 'yan firamare, mutum biyu ko uku a baya sun kunna, fanka tana raba hayaƙin ga kowa. Mai kallo zai tashi bayan minti casa'in. Yaron da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa, da yarinyar da ke kai abinci a otal, da mai sa gawayi a gidan shisha, su a nan suke wuni su kai dare, kuma ba su da bakin cewa a kashe, don abincinsu na wurin. Saboda su ne na fi matsa wannan magana.

Za a ce mai shan taba baligi ne, kuɗinsa ne, jikinsa ne. Haka ne, kuma ba wanda ya ce a ƙwace masa kwalinsa. Ya fita sarari ya sha. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ƙirjin na kusa da shi, kuma addini da al'adarmu duk sun hana mutum ya cutar da maƙwabcinsa don jin daɗin kansa. Za a kuma ce kasuwar otal-otal da gidajen abinci za ta mutu. An yi wannan kuka a ƙasar Ireland kafin ta zama ta farko da ta hana shan taba a duk rufaffun wuraren aiki a 2004, ga shi mashayunta da gidajen abincinta suna nan. A Scotland, bayan irin wannan doka ta 2006, masu kwanciya asibiti saboda bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin ɗari. Ƙasar da mai ciwon zuciya ke sayar da gona kafin ya ga likita ta fi Scotland buƙatar wannan sauƙi.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu cewa dokar da ke ƙasa ma ba a bin ta, ga taba nan ana sayarwa kara-kara a kowane teburi, me sabon gyara zai ƙara? Gaskiya suka faɗa, amma sarƙaƙiyar dokar na cikin abin da ya kashe ta. Jami'in da aka tura ya tantance ko keɓantaccen wuri ya cika sharuɗɗan iska ba shi da na'urar awo, ƙarshenta a sasanta a bakin ƙofa. Dokar da ta ce ba a sha a ciki kuwa, hanci ya isa shaida, kuma kowane kwastoma zai iya cewa malam, a fita waje. A ɗora alhakin a wuyan mai wurin, a haɗa shi da lasisinsa, domin ya fi sauƙi a bibiyi otal ɗaya da a bi masu shan taba ɗari. A ambaci shisha da sunanta a cikin gyaran, tunda gawayinta ma na fitar da iskar guba a rufaffen ɗaki. A ba ma'aikatan duba-gari na ƙananan hukumomi ikon cin tara, a kuma ware musu kuɗin aiki daga harajin taba a kasafin da ku da kanku kuke zartarwa.