Daga PK8 zuwa Angondje: wa zai karɓi mai jinya?

A watan Janairun 1980 mawaƙi Bob Marley ya sauka Libreville ta ƙasar Gabon bisa gayyatar Pascaline, 'yar Shugaba Omar Bongo, ya yi wasa a garin. Masu kallon da suka ga yana tsalle a kan dandamali ba su san tun 1977 likitoci suka gaya masa baƙin da ke ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa ba raunin ƙwallo ba ne. Sun ce a yanke yatsan, ya ce addininsa bai yarda ba, sai aka tsaya ga cire farcen da naman da ke ƙarƙashinsa. Ranar 11 ga Mayun 1981 ya rasu a Miami yana ɗan shekara 36, bayan ciwon ya kai huhu da ƙwaƙwalwa. Wannan fa mutum ne mai kuɗi da suna, wanda har Jamus aka kai shi neman magani.

Ciwon da ya kashe shi sankarar fata ce da likitoci ke kira melanoma. Tana tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. A shekarar 2020 an ƙiyasta mutum kusan 325,000 ne suka kamu da ita a duniya, kusan 57,000 kuma ta yi ajalinsu. Yawancinsu farar fata ne da rana ta ƙona, shi ya sa muka ɗauka ba ruwanmu. To, tana kama mu, sai dai ba inda rana ke duka ba. A jikin baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, ko dunduniya, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Tabo ne baƙi da ke faɗi a hankali, gefensa ba daidai ba, launinsa gauraye. Ko baƙin layi a farce da ke ƙara kauri har ya tsallaka kan fata. Ba zafi da farko, kuma wannan rashin zafin shi ne mugun halinta. A Amurka, in aka cire ta tun tana wuri guda, sama da kashi 90 cikin 100 na wuce shekara biyar da rai. In ta riga ta bazu cikin jiki, abin ya koma wajen kashi ɗaya cikin uku.

Yanzu a dubi mutuminmu na PK8, wannan mahaɗar da ke kan babbar hanyar da ta fita daga Libreville ta nufi cikin ƙasa, inda kasuwar ayaba take, motocin Oyem da Lambarene da Mouila ke lodi. Mai tireda ne, ko mai gasa naman da 'yan gari ke kira kupe-kupe, ko mai yawo da agoguna da tabarau a hannu. Daga asuba zuwa isha a tsaye yake cikin silifa. Ƙafarsa kaushi ne da faso, wa zai lura da wani baƙin tabo a ciki? Sai ya fashe ya zama gyambo, sannan a ce ƙusa ya taka. In gyambon ya ƙi warkewa a ce ba ƙusa ba ce, sammu aka binne masa a ƙofar shago. Wanzami ya tsaga, mai magani ya barbaɗa gari, a yi wata da watanni. Ranar da kaluluwa ta fito a matsematsi ta yi tauri ta ƙi sauka, ranar ake tuna asibiti, alhali wannan kaluluwar sau da yawa shaida ce ciwon ya bar ƙafa ya kama hanya.

Ba faɗakarwa kan alamomi na zauna yi ba, likitoci sun fi ni iyawa. Abin da ke damuna shi ne abin da muke yi bayan an dawo da takardar gwaji.

Mun iya dubiya, wannan ba mai ƙwace mana. Makon farko ɗaki ba masaka tsinke, takalma har bakin hanya. Kowa da lemonsa da kankana, kowa da "sannu, Allah ya sa kaffara ne". A tambayi mara lafiya ya jiki, ya ce da sauƙi, ko da daren jiya bai rintsa ba. Kafin a tashi kuma kowa ya zama likita. Wannan ya san wani malami a Garwa, wancan ƙanwar matarsa da sassaƙe ta warke, sai wani dattijo ya gyara zama ya yanke hukunci: ciwon daji ba ya son ƙarfe, kada a bari su sa masa wuƙa ko allura. Wannan magana ta kai mutane da yawa kushewa. Melanoma ba ta da maganin da ya kai wuƙar likita in an zo da wuri, kuma ba a tabbatar da ita sai an yanki ɗan nama an duba. Mai dubiyar da ya tsorata mara lafiya daga tiyata, da ya zauna a gidansa ya fi.

Mako na uku ƙafa ta ɗauke. Saura mutum ɗaya, galibi mace: matarsa, ko 'yarsa da aka cire daga makaranta. In gwauron ci-rani ne wanda iyalinsa ke Tawa ko Damagaram, sai abokin kwanan ɗaki, wanda shi ma da nasa bakin da yake ciyarwa a gida.

A tsaya a ga aikin wannan mata da safe. Ta tafasa ruwa ta sa gishiri, ta jira ya huce. Bandejin jiya ya manne da nama, in ta fizga jini ya ɓalle, don haka sai ta jiƙa shi tana ɓamɓarowa kaɗan-kaɗan, shi kuma ya cusa gefen zane a baki don kada yara su ji. Ga wari, wanda a zafi da laimar Libreville turaren wuta ba ya iya masa. Ta wanke, ta naɗe, ta haɗa tsumman ta kai nesa, sannan ta ɗora tukunya. Duk mai shigowa shi yake tambaya. Ita "ya mai jiki?" kawai ake ce mata, ta amsa da sauƙi, a wuce. Ba wanda ya taɓa tambayar yaushe rabonta da barcin awa huɗu a jere.

Ga kuma hanya. Cibiyar kula da masu ciwon daji ta Libreville tana Angondje, can arewa bayan filin jirgin sama na Leon Mba, PK8 kuwa tana gabas. Gidajen talakawan unguwar da yawa suna gangare, sai an bi 'yar siririyar hanya mai santsi kafin a hau titi, a garin da ruwan sama ke zuba mafi yawan watannin shekara. Mutumin da ba ya iya taka ƙasa sai an goya shi zuwa bakin kwalta, a nemi tasi, a shiga cunkoso. An gina gidan saukar marasa lafiya da ake kira Maison d'Alice kusa da cibiyar, amma an yi shi ne domin waɗanda suka taso daga nesa. Mutumin PK8 a lissafi ɗan gari ne. Kuɗi ma haka. Bahaushen Gabon, wanda kakanninsa suka zauna Oyem ko Bitam tun zamanin Turawa, yana iya riƙe katin inshorar CNAMGS da aka kafa a 2007. Baƙon da ke sana'ar kansa galibi daga aljihu zai biya, wani ma fargabar takardar zama ce ke hana shi dosar ƙofar asibiti.

An ce zumunta a ƙafa take. To, ga inda nake ganin ya kamata ƙafar ta dosa. Maimakon mutum talatin rana ɗaya, a raba su kwana talatin. Limamin masallacin unguwa ko sarkin Hausawa ya buɗe littafi: wane ne zai kai shi Angondje ran Talata, wace ce za ta kwana ran Alhamis don matar gida ta je wani ɗaki ta yi barci, wa zai zauna a shagon kada jarin ya narke. A sami yaro mai jin Faransanci sosai ya riƙa shiga wurin likita da biro da takarda, domin mutumin da aka gaya wa yana da daji ba ya jin sauran bayanin da ya biyo baya. Kuɗin lemo da kankana a tara su a hannun amintacce, a sayi auduga da bandeji da safar hannu, a biya haya. Mun saba karo-karo cikin awa biyu in an yi rasuwa. Me ya hana mu yi tun mutum na numfashi?

Akwai ƙananan abubuwan da ke sauya rayuwar ɗaki gaba ɗaya, mutane ba su san ana roƙonsu ba. Warin gyambon daji yana da magani: masu aikin jinya na amfani da Flagyl a kan ciwon, wari ya ragu ƙwarai, sai a tambayi likita yadda za a yi. Zafi ma ba dole ba ne a haɗiye shi da sunan haƙuri. A Yuganda, tun 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa, ta nuna ana iya ba mara lafiya ruwan mofin mai araha a gidansa, ya yi barci, ya yi hira da 'ya'yansa. Neman maganin zafi ba raunin imani ba ne. Kuma a faɗa da babbar murya cewa ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don a daina ware masa kwano.

Malamai ma da nasu aikin. Na lura abin da ke cin ran dattijon da ƙafarsa ke naɗe ba mutuwa ba ce kaɗai, alwalarsa ce. Yana ganin jini da ruwan ciwo sun ɓata masa tsarki, yana jin kunyar shiga sahu saboda wari, sai ya janye daga jama'a gaba ɗaya. Minti biyar sun isa malami ya zaunar da shi ya nuna masa shafa a kan bandeji da salla a zaune. In kuma likita ya ce sai an yanke yatsa ko ƙafa, a tuna masa Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga manyan malaman Madina, wanda aka yanke wa ƙafa a Sham zamanin Walidu ɗan Abdulmalik, ya koma ya ci gaba da karantarwa. Wanda aka yanke wa ƙafa yana buƙatar sanda da mai koya masa tafiya, da kuma sana'ar zaune. Ba ya buƙatar a riƙa kallon inda ƙafar take ana girgiza kai.

Za a ji labarin sababbin magunguna, kuma gaskiya ne. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa a 2015, aka yi masa aiki aka ba shi Keytruda, ya rayu har ya cika shekara 100. Amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai tireda nesa ba kusa ba, kuma irin wadda ke fitowa a tafin ƙafa ba ta cika jin su kamar ta Turawa ba. Kada a sa iyali su sayar da gonar gado a kan labarin da aka gani a WhatsApp kafin a zauna da likitan da ke riƙe da fayil ɗin.

Sai magana mafi nauyi, wadda ake yi a bayan ɗaki da raɗa: a kai shi gida. Dangi sukan ɓoye wa mara lafiya sakamakon, su ce gyambon sukari ne, wai kada ya karaya. Ni ban yarda da wannan ba. Ɗan kasuwa ne, akwai bashin da ake binsa da wanda yake bi, akwai amanar mutane a hannunsa, akwai wasiyya. Shi ya kamata ya zaɓi inda zai ƙarasa jinyarsa, ba taron abokan sana'a da suka gaji ba. A gaya masa a hankali, gwargwadon abin da ya nemi sani, a gaban wanda ya yarda da shi. In ya zaɓi tafiya, a tafi tun yana iya zama a mota, domin hanyar Bitam zuwa Yawunde, jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan Garwa a shiga Najeriya, ba ta mai rai a hannun Allah ba ce. A haɗa shi da ɗan rakiya, da maganin zafin da zai kai shi tare da takardar likita saboda masu bincike a kan iyaka, da sakamakon gwajin naman da hotunan da aka ɗauka. Takardun da Faransanci suke, don haka wanda zai nufi asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, a nemi mai fassara masa su zuwa Turanci kafin ya bar PK8, in ba haka ba can ma daga farko za a sake.