RA'AYINMU: DAMBE MA DA ƘA'IDARSA

Duk wanda ya saba zama a majalisun hira na Ƙofar Dumi da sauran unguwannin birnin Bauci ya san cewa in an gama Isha'i aka kewaye teburin mai shayi, da wuya a watse ba a taɓa maganar tsadar rayuwa da zanga-zanga ba, ko maganar wanda ya buge wani a damben Turawa. Sau da yawa kuma ba a tashi lafiya. Wani ya ce wa ɗan'uwansa karen gwamnati, shi kuma ya mayar masa da ɗan ta-kife, shi ke nan hira ta lalace. Wannan jarida tana ganin batutuwan nan uku, wato zanga-zanga da dambe da ladabin muhawara, tushensu ɗaya ne. Kowace irin karawa tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana hawa kan mai ƙarfi kamar yadda take hawa kan marar ƙarfi.

Bari mu fara da dambe, tun da yake shi ne matasanmu suka fi sha'awa. Damben Turawa irin na neman kuɗi yana tafiya ne bisa dokokin da aka buga a Ingila cikin 1867, waɗanda ake kira da sunan Queensberry. Su ne suka kawo sanya safar hannu, da yin turmi na minti 3 a huta minti 1, da ƙirga 10 ga wanda ya faɗi. A yau ba a haɗa mai nauyi da marar nauyi, ba a duka ƙasa da ɗamara, kuma in abokin karawa ya faɗi, tilas mai nasara ya ja da baya ya koma kusurwa har alƙali ya gama ƙirga. Damben gargajiya namu ma haka yake. Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an yi kisa, sai a raba. Ko Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da ya ci gaba da dukan wanda ya riga ya faɗi, da ba a kira shi gwani ba.

A cikin waɗannan dokoki ne 'yan Nijeriya suka ɗaukaka sunan ƙasarsu. Hogan Bassey ya ci kambin duniya a birnin Paris cikin 1957, tun kafin mu sami mulkin kai. Dick Tiger ya karɓe kambi daga hannun Gene Fullmer a Amurka cikin 1962, sa'an nan ya sāke buge shi a Ibadan cikin watan Agusta 1963. Anthony Joshua ya sha kāye a hannun Andy Ruiz a watan Yuni 2019, bai zargi kowa ba, ya koma ya yi shiri, ya karɓo kambunansa a ƙasar Saudiyya a watan Disamba na shekarar.

Akwai kuma misalin da ya kamata kowane mai shirya zanga-zanga ya riƙe. A watan Yuni 1997, a Las Vegas, Mike Tyson ya yi kukan cewa Evander Holyfield yana tunkuyinsa da kai, alƙali kuwa ya ce ba da gangan ba ne. Maimakon ya daure, sai ya gantsara wa Holyfield cizo a kunne. Aka kore shi a turmi na 3, aka ci shi tarar dala miliyan 3, aka ƙwace lasisinsa. Tun daga ranar, in an tuna wannan karawa cizon ake tunawa, maganar tunkuyi kuwa ta bi ruwa.

Haka ta faru ga zanga-zangar tsadar rayuwa ta ranakun 1 zuwa 10 ga watan Agusta 2024. Babu mai gaskiyar da zai ce talakawa ba su da dalilin kuka. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari, ta abinci kuwa ta wuce 40, bisa ga ƙididdigar hukumar gwamnati da kanta. Magidancin da ya auna mudun masara a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a wancan lokaci bai bukaci a karanta masa alƙaluma ba. Amma tun a rana ta farko wasu ɓata-gari suka fasa sabon ginin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa a Kano suka kwashe kaya, daga baya kuma wasu suka shiga ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna. Aka sa dokar hana fita a jihohi da dama, har a nan Jihar Bauci sai da aka sa ta a Ƙaramar Hukumar Katagum. Daga nan maganar yunwa ta koma baya, ta ɓarna ta shige gaba. Waɗanda suka fasa shagon maƙwabcinsu sun ciji kunne, kuma talakan da ya fito da kwalinsa cikin lumana shi ya biya tarar.

To, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A wannan karawa hukuma ce mai nauyi, domin ita ke da bindiga da kurkuku da baitulmali, saboda haka ƙa'ida ta fi hawa kanta. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta bayyana cewa an kashe aƙalla mutum 24 a kwanakin, ko da yake 'yan sanda sun musanta. Ranar 1 ga watan Nuwamba 2024 duniya ta ga yadda aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, da yawansu ƙananan yara ne da aka kamo daga Arewa, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka kuma yanka musu belin naira miliyan 10 kowannensu. Sai da jama'a suka yi ca kafin Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su ranar 4 ga watan. Mun yaba da sakin, amma tilas mu faɗi gaskiya cewa abin da aka yi wa yaran nan duka ne bayan an faɗi.

Ya kamata kowa ya san cewa dokar ƙasa ba ta bar wannan fage babu iyaka ba. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 40 ya ba shi 'yancin taro cikin lumana. A cikin 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da ke tsakanin Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, ta tabbatar da cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda kafin a yi taro ko jerin gwano ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta ɗora musu nauyin ba da tsaro ga taron da aka sanar da su. Ashe ke nan aikin ɗan sanda a ranar zanga-zanga shi ne raba gardama, ya kare mai tafiya, ya kama mai fasa shago. Ranar da alƙalin wasa ya naɗe hannu ya shiga kai naushi, wasa ya tashi.

Masu cewa bin ƙa'ida tsoro ne, su dubi Muhammad Ali. A watan Afrilu 1967 ya ƙi shiga soja domin yaƙin Vietnam. Aka ƙwace kambinsa, aka yanke masa ɗaurin shekara 5, aka hana shi dambe fiye da shekara 3 a lokacin da yake kan ganiyar ƙarfinsa. Bai gudu ba, bai ƙona kayan kowa ba. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin cikin 1971, sa'an nan ya je Kinshasa cikin 1974 ya buge George Foreman a turmi na 8. A nan gida ma, a watan Janairu 2012, da aka ɗaga litar mai daga naira 65 zuwa 141, yajin aiki da jerin gwano sun tilasta wa gwamnati ta sauko zuwa 97, domin akwai shugabannin da aka sani, da bukatar da aka bayyana, da teburin da aka zauna a kai.

Mutanen Bauci kuwa ba sa bukatar su je nesa neman darasi. A wajen 1943 zuwa 1944 aka yi wata ƙungiyar muhawara a wannan birni, wadda aka sani da suna Bauchi Discussion Circle. Cikinta akwai Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suna zama da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ana tattauna al'amuran ƙasa. Ra'ayinsu ya sha bamban ƙwarai. Zungur da Aminu masu zafi ne, Ɓalewa kuwa mai bi a hankali ne, amma kowa yana kawo hujjarsa a saurare shi. Da aka kai ga tambaya a kan yadda ake yanke albashin sarakuna, sai mahukunta suka rufe zauren. Rufewar ba ta kashe maganar ba. Cikin 'yan shekaru aka kafa NEPU a Kano a 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama ta siyasa a 1951, Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957, Aminu kuma ya zama jagoran talakawa. Abin lura a nan biyu ne. Ana iya saɓani mai tsanani ba tare da an zagi uban kowa ba, kuma hukumar da ta rufe zauren magana sai ta tarar da maganar a kan titi.

Bisa ga haka muna kira ga dattawan Ƙofar Dumi da na sauran unguwanni, da limamai da masu unguwanni, su tsaya su gyara majalisun hira, domin a nan ne yaro yake koyon yadda ake gardama. A bar mai magana ya kai aya kafin a amsa masa. A kai wa hujja naushi, a bar mutuncin mai ita, a bar iyayensa da ƙabilarsa da ɗariƙarsa. Kada a yaɗa labarin da ba a tabbatar ba. Babba ya saurari ƙarami, ƙarami kuma ya san da wa yake magana. In an kāda mutum da hujja ya karɓa, wanda ya kāda shi kuma kada ya bi shi da gori.

Muna kira ga matasa, duk ranar da za su fito, su bayyana shugabanninsu da bukatunsu a rubuce, su sanar da hanyar da za su bi, su naɗa masu tsawatarwa daga cikinsu, su bar yara ƙanana a gida. Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta Jiha su binciki kowane rai da aka rasa, su hukunta wanda ya harbi marar makami, su biya diyya, su kuma buɗe ƙofar sauraron kuka tun kafin ya kai titi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A ƙarshe muna tunatar da 'yan jam'iyyarmu cewa mulki juyi ne. Wanda ya goyi bayan zanga-zanga yana adawa, sa'an nan ya kira ta cin amanar ƙasa da ya hau kujera, ya nuna cewa tun farko kujerar yake so. Ƙa'idar da muke so a bi mana ranar da muke ƙasa, ita za mu bi wa wasu ranar da muke sama. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa shugabanni su ji kukan talakawa. Amin.