Daga Jirgin Kara Zuwa Tsaigumi

Jirgin yaƙin nan na sojan ruwan Amurka mai suna Corsair ya fara tashi ne a 1940, aka kuma ƙera fiye da 12,500 kafin a daina a 1953. Faɗin farfelarsa ya haura ƙafa 13. Domin haka ne maƙeransa suka lanƙwasa fukafukansa, watau don ya sami gajerun ƙafafu masu jure dira a bisa jirgin ruwa, farfelar kuwa ba ta taɓa daɓe ba.

Har wa yau a ƙasashe da yawa ana sassaƙa ƙaramin irinsa da icce marar nauyi, ana tuƙa shi daga ƙasa da na'urar rediyo. Abin kamar wasa, amma makaranta ce. Idan nauyi ya rinjaya wajen wutsiya, jirgi ya ƙi biyayya ya faɗo, tilas mai shi ya koma ga lissafi.

To, a Kafanchan, mahaɗar jirgin ƙasa, da Kagoro da Zonkwa, yara sun daɗe suna ƙera mota da jirgi da kara da gwangwani. Hannu akwai, malami da kayan aiki suka rage. A Kaduna aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi na sojan saman Nijeriya, a 2018, kuma tushensu ɗaya da na rediyon nan.

Ya kamata makarantun kudancin Kaduna su buɗe ƙungiyoyin wannan sana'a, kada basirar yaran ta ƙare a juji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.